Kwanon Tsohon Kare: Tarihin Abin da Aka Ƙara da Abin da Aka Rage

A shagunan kayan dabbobi na Amurka da Birtaniya akwai kanta guda da aka keɓe wa tsofaffin karnuka. Buhunan abinci ne jere, kowanne da hoton kare mai furfura a baki, sai kwalaben man kifi da ƙwayoyin da aka ce suna gyara gaɓoɓi. Wanda karensa ya fara jan ƙafa, tashi daga kwance ya zame masa aiki, yakan tsaya a gaban wannan kanta yana neman abin da zai ƙara a kwanon dabbarsa. Hanyar da ta kawo shi nan ta ɗauki shekara 160 da 'yan kai, kuma mafi ƙarfin shaidar da aka tara a tsawon wannan zamani tana cewa yawan abin da ke cikin kwanon ya fi duk wani ƙari tasiri a kan kwanakin kare.

Daga ragowar tebur zuwa buhu

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, karen Turai yana cin abin da gida ya rage ne: gutsuren burodi, ƙashi, romo, da naman doki da masu talla ke yawo da shi a titunan Landan. Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke ɗan jihar Ohio mai sana'ar lantarki, James Spratt, ya je Landan kasuwanci. Labarin da ake bayarwa shi ne ya ga karnuka a tashar jiragen ruwa suna cin busasshen biskit ɗin da matuƙa suka yar, sai ya haɗa nasa da garin alkama da kayan lambu da nama, ya fara sayar wa masu hali da ke kiwon karnukan farauta. Wani matashi da ya yi aiki a kamfaninsa, Charles Cruft, shi ne daga baya ya kafa gasar baje kolin karnuka da ke ɗauke da sunansa tun 1891. Tun daga farko, ke nan, abincin kare da tallarsa tare suka tashi.

A 1922 aka fara sayar da Ken-L Ration a Amurka, naman doki a cikin gwangwani, ya kuma karɓu ƙwarai. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan ciniki, domin an taƙaita ƙarfen gwangwani da nama saboda bukatun soja, kamfanoni suka koma ga busasshen abinci. A shekarun 1950 kamfanin Purina ya fara amfani da injin da ke dafa ƙullu da zafi da matsi, ya tura shi ta ƙananan ramuka ya fito a kumbure kamar gugguru. Da haka Purina Dog Chow ya bazu a faɗin ƙasar a 1957. Wannan abinci yana da araha, ba ya saurin lalacewa, ana fesa masa kitse don ya yi daɗi, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana ɗauke da kuzari mai yawa.

A wannan zamanin kuma rayuwar karen kanta ta sauya. Allurar rigakafi ta rage cututtukan da ke kashe 'yan kwikwiyo, karnuka suka bar yawon titi suka koma cikin ɗaki, fiɗiya ta yawaita, ita kuwa tana rage kuzarin da jiki ke ƙonawa. Sakamakon haka aka sami dabbar da ba a saba ganinta da yawa ba a da: kare mai shekara goma ko sha biyu, mai ƙoshi, marar motsi, wanda gaɓoɓinsa ke ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Karen makaho da tsoron furotin

Tunanin cewa abinci zai iya zama magani ga kare ya samo asali ne daga wani likitan dabbobi na jihar New Jersey, Mark Morris. A ƙarshen shekarun 1930 Morris Frank, makahon da ya yi fice wajen yaɗa amfani da karnukan jagora a Amurka, ya kawo masa karensa Buddy da ke fama da ciwon ƙoda. Likitan ya haɗa masa abinci mai ƙarancin furotin da gishiri, shi da matarsa suna dafawa a gida suna zubawa a kwalabe. A 1948 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Hill da ke Topeka a jihar Kansas don a riƙa sa shi a gwangwani. Wannan abinci shi ne ake kira k/d har yau.

Ga karen da ƙodarsa ta riga ta kamu, dabarar tana da amfani. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minnesota, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa karnuka masu ciwon ƙoda da aka ciyar da irin wannan abinci, mai ƙarancin fosforas da daidaitaccen furotin, sun fi 'yan uwansu daɗewa da tazara mai yawa. Matsalar ta taso ne da aka faɗaɗa hukuncin. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna yawan furotin yana gajiyar da ƙodarsu, sai aka ɗauka haka abin yake ga kowane tsohon kare, mai lafiya da marar lafiya. Shekaru da dama ana haɗa abincin tsofaffin karnuka bisa wannan zato.

Alhali kuwa tun a 1966 masu bincike biyu, Wannemacher da McCoy, sun gano cewa tsohon kare yana bukatar furotin da ya zarce na matashi da kusan rabi kafin ya iya riƙe ajiyar jikinsa. A 1994 Delmar Finco da abokan aikinsa a Jami'ar Georgia suka gwada batun kai tsaye. Suka ɗauki karnuka masu shekara bakwai zuwa takwas, aka cire wa kowanne ƙoda ɗaya don a ƙara wa ɗayar nauyi, aka ciyar da wasu abinci mai furotin kashi 18 cikin ɗari, wasu kashi 34, har tsawon shekara huɗu. Ba a ga yawan furotin ya lalata aikin ƙoda ba. Abin da ke barazana ga tsohon kare mai lafiya shi ne zubewar tsoka, wadda ke sa ƙafafun baya su sirance, tashi da hawan matakala su gagara. Rage masa furotin yana gaggauta wannan zubewa.

Karnuka 48

Batun yawan ci yana da nasa tarihin. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da jiki ke bukata ba, sun fi masu ci har su ƙoshi tsawon rai. McCay mai sha'awar karnuka ne, har ya rubuta littafi a kan ciyar da su a 1943. Amma gwada wannan a kan kare yana bukatar haƙuri da dukiya, domin sai an jira dabbar ta gama rayuwarta kafin a san amsa.

An fara wannan aiki a 1987 a cibiyar binciken Purina. Aka samo 'yan kwikwiyo 48 na jinsin Labrador daga ciki bakwai, aka haɗa su bibbiyu, kowane biyu 'yan ciki ɗaya, mace da mace ko namiji da namiji, masu nauyi kusan ɗaya. Daga mako takwas da haihuwa, ɗaya daga cikin kowane biyu yana samun kashi 75 cikin ɗari na abin da ɗan uwansa ya ci. Abinci iri ɗaya ne, muhalli ɗaya, kulawa ɗaya. Aka bi su shekara 14.

Da Richard Kealy da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 2002, an ga cewa rabin karnukan da ke cin cikakken kwano sun mutu a shekara 11.2, su kuwa waɗanda aka rage wa sai a shekara 13. Tazarar ta kusa shekara biyu, a rayuwar dabbar da ba kasafai take wuce sha huɗu ba. Ciwon gaɓoɓi ma ya jinkirta: rabin masu cikakken kwano sun bukaci magani a shekara 10.3, rabin ɗaya rukunin kuwa sai a 13.3. Abin lura shi ne masu cikakken kwanon ba su yi irin teɓar da ke ba mutum mamaki ba. Ƙiba ce matsakaiciya, irin wadda mai kare zai kalla ya ce dabbarsa ta ji kiwo.

Gwajin yana da iyaka, tun da jinsi ɗaya ne, karnukan ba su da yawa, kuma kamfanin abinci ne ya ɗauki nauyinsa. Sai dai wani nazari da masana na Jami'ar Liverpool da cibiyar Waltham suka yi a kan bayanan karnuka fiye da 50,000 na jinsi 12, waɗanda aka duba a asibitocin dabbobi na Amurka, ya ƙarfafa shi. A kowane jinsi masu ƙiba sun fi gajeren rai, daga 'yan watanni a wasu har zuwa shekara biyu da rabi a wasu.

Kalmar da doka ba ta fayyace ba

Duk da haka kasuwa ta fi karkata ga abin da za a iya sayarwa, kuma ba a sayar da ragi. Ƙungiyar AAFCO, wadda ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, tana da ƙa'ida ga 'yan kwikwiyo da masu ciki ko shayarwa, tana da wata ga manyan karnuka. Ba ta da ƙa'idar tsofaffi. Kowane kamfani shi ke yanke abin da yake nufi idan ya rubuta a buhu cewa na tsohon kare ne. A 2011 masu bincike a Jami'ar Tufts suka duba irin waɗannan abinci guda 37, suka tarar kofi ɗaya na wani yana da kalori 246, na wani kuma 408. Furotin da gishiri ma haka suka sha bamban. Mai kare zai iya sauya wa dabbarsa abinci da niyyar rage mata ƙiba, ya ƙare da ƙara mata.

Ƙwayoyin ƙari kuwa sun bunƙasa ne a shekarun 1990, bayan dokar Amurka ta 1994 ta sassauta cinikin irinsu ga mutane. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta bayyana a 1996 cewa dokar ba ta shafi dabbobi ba, amma a aikace yawancin waɗannan kaya suna shiga kasuwa ba tare da irin shaidar da ake nema daga sabon magani ba. Mafi shahara a cikinsu su ne gulukosamin da kondiroyitin, waɗanda ake cewa suna gina guringuntsi. Da masana a Jami'ar Montreal suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka da kyanwoyi masu ciwon gaɓoɓi a 2022, ba su ga waɗannan biyu suna rage ciwo ba. Man kifi mai sinadarin omega-3 shi ne ya fito da shaida mai ƙarfi, kamar yadda gwaje-gwajen 2010 suka riga suka nuna cewa yana taimaka wa kare ya fi taka ƙafar da ke masa ciwo. Shi ma mai ne, ƙaramin cokali ɗaya yana da kalori kusan 40, alhali tsohon kare mai kilo goma bai bukatar fiye da 500 zuwa 600 a yini. Wanda ya ƙara mai sai ya rage wani abu.

A shekarar 2010 ɗin dai wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Glasgow ya nuna cewa karnuka masu ƙiba da ciwon gaɓoɓi sun fara rage ɗingishi da zarar sun sauke kusan kashi 6 cikin ɗari na nauyinsu. Ga kare mai kilo 30, abin bai kai kilo biyu ba.

Abin da ya rage a hannun mai kare

Kayan aikin da ya fi amfani a wannan fage ba ya bukatar kuɗi. A 1997 likitar dabbobi Dottie Laflamme ta inganta ma'aunin jiki mai mataki tara, wanda likitoci ke amfani da shi har yanzu. Karen da ke mataki na 4 ko na 5 ana jin haƙarƙarinsa da shafar hannu ba sai an danna ba, kuma idan aka dube shi daga sama ana ganin ƙugunsa ya shiga ciki. Idan sai an matsa kafin a ji ƙashi, kitse ya yi yawa.

Daga wannan tarihi shawarar likitocin dabbobi ta yau ta fito. Tsufa yana farawa ne a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshen rayuwar da ake sa ran jinsin zai yi, don haka babban kare yana riga ƙarami tsufa. Bukatar kuzari takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta furotin kuwa ba ta raguwa. Ana auna abinci a sikeli maimakon a kintata da kofi, kuma kayan kwaɗayi da ake ba shi tsakanin cin abinci ba sa wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini. Idan za a rage ƙiba, a hankali ake yi, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin jiki a mako, tare da tafiya daidai ƙarfinsa don tsoka ta tsaya. Abincin ƙoda na karen da gwajin jini da fitsari ya tabbatar yana da ciwon ne. Ƙarin bitamin a kan abincin da ya riga ya cika yana iya cutarwa, musamman bitamin D, wanda yawansa ke lalata ƙoda. Tsohon karen da ya fara rama ba tare da an rage masa abinci ba kuwa, likita yake bukata, domin sau da yawa alamar cuta ce ta haƙori ko ƙoda ko daji.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Karnukan Labrador ɗin nan da suka kai shekara 13 an fara auna musu kwano tun suna da mako takwas, kuma wannan ne ya sa suka shiga tsufa da gaɓoɓin da ba su gaji ba. Wanda karensa ya riga ya yi furfura ba zai dawo da waɗancan shekaru ba, amma gwajin Glasgow ya nuna cewa ko a lokacin, sauke 'yan kilo kaɗan yana dawo wa dabbar da tafiyarta cikin 'yan watanni.