Daga Wakilin Doka zuwa Taswirar Laifi: Wa Ke Auna Aikin Ɗan Sanda?

A shekarar 1957 aka naɗa Ado Bayero Wakilin Doka na Kano, wato shugaban 'yan dokan En'e, ya riƙe muƙamin har 1962. A wancan zamani Sarki da majalisarsa ke sa ido kan aikinsa, sai Razdan da ke aika rahoton shekara Kaduna. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, ragama ta koma Legas. Shugaban da ke nesa kuwa ba ya ganin unguwa, takarda kawai yake gani.

Inda aka mayar da takardar nan sandar duka shi ne birnin New York na Amurka. A 1994 kwamishina William Bratton da mataimakinsa Jack Maple suka kafa CompStat. Kowane laifi a sa masa alama a taswira, kowane mako a tara shugabannin ofisoshi a titsiye su: me ya sa fashi ya ƙaru a yankinka, me ka yi? A birnin da aka kashe mutum 2,245 a 1990, adadin bai kai 700 ba a 1998. Duniya ta yi ta kwaikwayo.

Amma wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan lamba, zai san yadda zai lanƙwasa ta. A 2010 aka fallasa muryoyin da wani ɗan sanda, Adrian Schoolcraft, ya naɗa a ɓoye a Brooklyn, ana jin manya na umartar a rage nauyin laifi a rubuce, wani ƙorafin ma kada a karɓa.

Namu ciwon ya fi wannan zurfi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce laifuffuka 134,663 aka kai wa 'yan sandan Nijeriya a 2017. Da ta bi gida-gida tana tambayar mutane da kansu, sai ta ƙiyasta sama da miliyan 51 tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. Shekarun sun bambanta, hanyar ƙirgen ma haka, amma wannan tazara ba ta ɓoyuwa. Talakan da ya san za a ce ya sayi mai kafin a bi masa sawun ɓarawo, gida yake zama ya bar wa Allah.

Don haka duk kwamishinan da ya ce laifi ya ragu a jiharsa, a tambaye shi mutum nawa suka daina zuwa caji ofis.