Daga Malam Musa Zuwa Yau: Gidan Mallawa Da Mu 'Yan Rigasa

Jiya bayan Isha'i muna zaune a ƙofar gida nan Rigasa, ɗan yayana ya zo da takardar neman shaidar asali zai cike. Sunan uba ya rubuta, sunan kaka ya rubuta. Cikin wasa na ce masa, to wa ya haifi kakan naka? Yaro ya yi tsuru-tsuru. Na buɗe baki zan yi masa dariya, sai na tuna ni ma daga kan mahaifin kakana ban san kowa ba. Wallahi sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gidan Mallawa na Zariya. Mu nan Rigasa, a Ƙaramar Hukumar Igabi, ƙarƙashin masarautar Zazzau muke, don haka labarin ba na nesa ba ne.

Tushen gidan shi ne Malam Musa Bamalli, malami Bafulatani mai asali da ƙasar Malle, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwan Makau, Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja na asali, wanda yau ake kira Suleja. Malam Musa ya riƙe Zazzau har rasuwarsa a 1821.

Bayansa sarauta ba ta tsaya a gida ɗaya ba. Ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Daga 'ya'yan Malam Musa, biyu sun yi sarauta. Sidi Abdulƙadir bai cika shekara ba Sakkwato ta tuɓe shi. Abubakar kuma ya yi 'yan shekaru kaɗan a farkon shekarun 1870.

Sai jika, Aliyu Ɗan Sidi. Sunan kansa salsala ne: Aliyu ɗan Sidi ɗan Malam Musa. Ya hau a 1903 bayan Turawa sun cire Kwasau. Sarki ne kuma marubucin waƙoƙi da ajami, har yau ana nazarinsu a jami'o'i. Turawan da suka naɗa shi su suka tuɓe shi, suka kai shi Lokoja, can ya rasu a 1924.

Daga nan ƙofa ta rufe. Dallatu, Ibrahim da Ja'afaru daga Barebari, sai Muhammadu Aminu da Shehu Idris daga Katsinawa. Shehu Idris kaɗai, Allah Ya jiƙansa, shekara 45 ya yi, daga 1975 zuwa 2020. An haifi mutane a gidan Mallawa, sun tsufa, sun mutu, ba su ga nasu a kan gado ba. Amma ba su bari sunan ya ɓata ba. Nuhu Bamalli ya riƙe Magajin Garin Zazzau, ya kuma yi ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Farko. Ranar 7 ga Oktoba, 2020, aka sanar da ɗansa, Ahmed Nuhu Bamalli, a matsayin Sarkin Zazzau na 19 a jerin sarakunan Fulani.

Na san wasu za su ce ai siyasa ce ta kawo shi, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce har kotu aka je. Ba wannan nake magana a kai ba, kowa da ra'ayinsa. Abin lura shi ne, da gidan ya manta wa ya haifi wa, ko cikin masu nema ba za a sa su ba. Shekara ɗari suna jira, jarinsu kawai sanin asali.

Wani zai ce su ai 'ya'yan sarauta ne, mu talakawa me za mu gada? To ga Baba ta Karo. Tsohuwa ce talaka, ba sarauta ba dukiya. Wajen 1949 zuwa 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin danginta, da asalinsu na Barebari, da aurarrakinta, da zamanin harin bayi. Littafin ya fito a 1954, kuma har gobe ana karanta shi a duniya. Bambancinta da kakanninmu ɗaya ne: ita an zauna an rubuta.

Rigasa gari ne na masu zuwa. Kaduna kanta sai a 1917 ta zama hedikwatar Arewa, kusan kowa a nan daga wani wuri iyayensa suka taso: Katsina, Kano, Sakkwato, Borno, Nijar. Yanzu ga sababbin baƙi da rashin tsaro ya koro daga Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa da Zamfara. Wanda aka raba da ƙauyensu, in bai riƙe sunayen iyaye ba, me zai nuna ranar da za a koma rabon gona? Rigimar gado nawa muka gani a kotu saboda babu mai iya lissafo 'ya'yan kaka?

Kuma don Allah in za a rubuta, a rubuta gaskiya. Salsalar Mallawa ba ta ɓoye waɗanda aka tuɓe ba. In kakanka maƙeri ne, ko mahauci, ko ɗan koli, ko a bauta aka kawo shi, shi ne naka. Ba dole sai kowa ya jingina kansa da wani sarki ko sharifi ba.

Ni dai na yanke shawara. Muna da gwaggo ɗaya da ta rage, ta haura tamanin. Ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu, zan ɗauki yaron nan da littafi da biro, mu kunna rikodin waya, mu zauna gabanta. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Kai fa, kakanni nawa za ka iya lissafowa? Ni uku na tsaya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.