Sabbin injinan dizal na a-kori-kura da yanayin fadamar Hadejia

A yankin Hadejia na jihar Jigawa a arewacin Najeriya, motar a-kori-kura ce ke shiga inda babbar mota ba ta iya shiga. Ita ke kwaso shinkafa da alkama da tattasai daga gonakin rani na Auyo, ita ke kawo kifi kasuwar Hadejia daga ƙauyukan Guri da Kirikasamma, kuma da ita jami'ai ke kai agaji idan kogi ya yi ambaliya, kamar yadda ya faru a shekarun 2020 da 2022.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci na fetur ne, domin an daɗe ana biyan tallafi a kan fetur har zuwa watan Mayun 2023. Sai dai masu ɗaukar kaya masu nauyi sun san ƙarfin injin dizal, wanda aka fi sani da gas. Wannan injin kuwa ya canza ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 1990, kuma canjin ya shafi aljihun duk wanda zai saye shi.

Yadda tsohon injin yake

Misalin tsohon tsari shi ne injinan 3L da 5L na Toyota Hilux. Famfo ɗaya ne da injin ke juyawa yake tura mai zuwa kowace nozul. Ba su da turbo, kuma wayoyin lantarkin da ke jikinsu kaɗan ne.

Injin 5L mai lita uku bai kai ƙarfin doki 100 ba, ga ƙara, ga baƙin hayaƙi. Amma yana haƙuri da man da ba shi da kyau sosai, kuma makanike mai sifana da kunnen sauraro na iya gyara shi a gindin bishiya.

Abin da ya canza

Babban canji shi ne yadda ake fesa mai. A sabon tsari, famfo na tara man ne a cikin bututu guda na tarayya a kan matsi mai tsanani, sannan kwamfutar mota ta riƙa buɗe nozul sau da dama a kowane bugun fistin. An fara amfani da tsarin a manyan motocin Hino na Japan a 1995, sannan a ƙaramar mota ƙirar Alfa Romeo ta Italiya a 1997. Toyota na kiransa D-4D.

A injin 1GD mai lita 2.8 da aka sa wa Hilux a 2015, matsin ya haura bar 2,000, alhali iskar tayar mota ba ta wuce bar biyu zuwa uku. Da irin wannan matsi man kan fita kamar hazo, ya ƙone sosai. An kuma haɗa masa turbo mai daidaita kansa da gudun injin.

Sakamakon haka, injin da aka sabunta a 2020 ya haura ƙarfin doki 200, wato ya ninka 5L duk da cewa bai kai shi girma ba, kuma man da yake sha a kan aiki iri ɗaya ya ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da farashin litar dizal ya tashi daga ƙasa da naira 300 a ƙarshen 2021 zuwa fiye da naira 700 a tsakiyar 2022.

Na'urorin tace hayaƙi

Canji na biyu ya samo asali ne daga dokokin Tarayyar Turai na rage gurɓata iska, musamman Euro 5 ta 2009 da Euro 6 ta 2014. Su suka sa aka ƙara na'urori uku.

Ta farko, EGR, tana mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin domin rage zafin ƙonewa. Ta biyu, DPF, matata ce a cikin salansa da ke kama baƙin hayaƙi, sannan ta ƙone shi lokaci-lokaci a zafin da ya kai kimanin digiri 600. Ta uku, SCR, tana fesa wani ruwa mai suna AdBlue a cikin salansa domin kashe gubar hayaƙin.

Ba kowace sabuwar mota ce ke da dukkan ukun ba. Kamfanoni kan ƙera wa kasuwannin Afirka samfurin da aka rage wa na'urori, yayin da 'yan Kwatano da suka yi aiki a Turai kan zo da su cikakke.

Batun ingancin mai

An ƙera waɗannan na'urori ne domin man da farar wutar cikinsa, wato sulfa, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kamar yadda yake a Turai tun 2009. Najeriya kuwa ta daɗe tana karɓar mai mai kashi 3,000 cikin miliyan.

Bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 kan gurɓataccen man da ake kawowa Afirka, ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Matatar Dangote da ke Legas ta fara samar da dizal a 2024.

Sai dai ko man ya fito da kyau daga matata, ba lallai ya isa tanki haka ba. A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, akan saye shi a jarka wajen 'yan bumburutu, inda ƙura da ruwa kan shiga. Ramukan sabuwar nozul sun yi kusa da kaurin gashi, saboda haka ɗan yashi ko ɗigon ruwa na iya lalata ta tare da famfon, kuma kuɗin canza su ba kaɗan ba ne.

Ruwa da ƙura da zafi

Yanayin fadamar Hadejia na jarraba sabon injin ta fuskoki da dama. Da damina akan ratsa ruwa a kan hanya. Idan ruwa ya shiga ta bututun shan iska, yana iya lanƙwasa ƙarafan cikin kowane injin dizal, amma sabon yana da ƙarin haɗari saboda yawan wayoyi da na'urorin da ke jikinsa.

Tafiyar gona ma matsala ce ga DPF. Matatar na buƙatar doguwar tafiya da gudu, kamar daga Hadejia zuwa Kano, kafin ta ƙone abin da ta tara. Motar da ke yini tana rarrafe a kan burtali, matatarta kan toshe, ƙarfinta ya ragu. A lokacin ƙonewar kuma salansa kan yi zafi ƙwarai, shi ya sa masu ƙera motocin ke gargaɗin kada a ajiye su a kan busasshiyar ciyawa. Da kaka, wannan ya haɗa da tattakar shinkafa.

AdBlue kuwa haɗi ne na yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, kuma yana saurin lalacewa idan aka ajiye shi a zafin da ya haura digiri 30. A Hadejia zafi kan wuce digiri 40 da bazara. Takin yuriya da manoma ke zuba wa shinkafa ba ya maye gurbinsa, domin dattin da ke cikinsa kan toshe na'urar.

Abin lura ga mai saye

Wasu makanikai kan cire DPF ko su toshe EGR idan sun ba da matsala. Hakan na iya sa mota ta ci gaba da tafiya, amma yana dawo da hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin abubuwan da ke haddasa cutar daji a 2012.

Abin da ya fi shi ne mai saye ya tambayi kasuwar da aka ƙera wa motar da na'urorin da ke jikinta, ya riƙa canza filtar mai da ta iska a kan kari, ya zubar da ruwan da filta ta tara, ya kuma yi amfani da baƙin man da aka ƙayyade wa injin. Kafin ya biya kuɗi, ya kamata ya san inda makanike mai na'urar bincike ta kwamfuta yake, da kuma nisan da ke tsakanin garejinsa da gona.