Asalin Kalma: Sifiri

Yaron lakwal a Madarunfa yana cewa "zero", malamin zaure kuma ya ce "sifiri", alhali tushensu ɗaya ne. Daga Larabci muka samo sifiri, wato "sifr", abin da ba komai cikinsa. Larabawa sun karɓi lissafi da sifiri daga Indiya. A 1202 Fibonacci, mutumin Pisa ta Italiya, ya rubuta kalmar da Latin "zephirum", daga nan ta zama "zéro". Har "chiffre" ta Faransanci, wato lamba, jikanyar "sifr" ce.

Yau sifiri ne rabin harshen kwamfuta. Waƙar da mai tura waƙoƙi a kasuwa ke zuba maka a memwar, da hoton tafkin Madarunfa da ka ɗauka, duk jerin 0 da 1 ne, ana riƙe su da ɗan cajin lantarki cikin ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Guda takwas na waɗannan 0 da 1 su ne okte ɗaya. Harafin A shi ne 01000001. "Go" da ke rubuce a wayarka okte kusan biliyan ɗaya ke nan.

Ina roƙon malamanmu su riƙa cewa sifiri a aji, don kalmar tamu ce tun kafin zuwan Nasara.