Kwaɗon Afirka da asirin gadon halitta

Kowane mai rai yana farawa ne daga ƙwaya guda, wadda ke rarrabuwa har ta zama fata da hanji da ƙashi. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: shin ƙwayar da ta riga ta zama hanji ta yar da sauran bayanan gadon da ke cikin cibiyarta, ko kuwa rufe su kawai ta yi? Kwaɗo ne ya warware wannan gardama.

A shekara ta 1952, a birnin Filadelfiya na Amurka, Robert Briggs da Thomas King suka cire cibiyar ƙwan kwaɗo, suka dasa ta wata ƙwayar da ba ta nuna ba, aka sami talibambam, wato ɗan kwaɗo mai wutsiya. Amma da suka gwada da ƙwayoyin da suka manyanta sai abin ya ƙi, aka ɗauka bayanan ɓacewa suke yi.

John Gurdon na jami'ar Oxford bai gamsu ba. Ya yi aiki da Xenopus laevis, kwaɗon ruwa na kudancin Afirka, wanda likitoci suka baza a duniya tun shekarun 1930 domin gwajin ciki. A 1962 ya dasa cibiyoyi 726 da ya ciro daga hanjin talibambam. Goma suka zama talibambam lafiyayyu. Goma ba yawa ba ne, amma sun isa hujja: ƙwayar hanji tana riƙe da gadon jiki gaba ɗaya.

A kan wannan tushe aka samar da tunkiya Dolly a 1996. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya maido da ƙwayoyin ɓera zuwa ƙuruciyarsu, kuma shi da Gurdon suka raba kyautar Nobel a 2012.

Saura tambaya ɗaya. Talibambam yana sake fitar da wutsiya idan ta guntule, babban kwaɗo kuwa ba ya maido da cikakkiyar ƙafa. A 2022 masanan jami'ar Tufts suka ɗaura wa guntulalliyar ƙafar kwaɗo haɗin magunguna biyar na awa 24, cikin wata 18 ta toho har ya yi iyo da ita. Ikon yana nan, barci yake yi.

Malamai su lura: a makarantar Eton, Gurdon ne ya zo na ƙarshe cikin yara 250 a darasin ilimin halittu, malaminsa kuma ya rubuta cewa burinsa na zama masanin kimiyya wauta ne.