Gidan naka ne, ƙasar ta wani ce

A Landan mutum kan ci bashin banki ya sayi gida a bene, a miƙa masa makulli, amma a idon doka ɗan haya ne. Abin da ya saya izinin zama ne na shekara 99 ko 125, wani lokaci har 999. Turawa suna kiran wannan leasehold. Wanda ƙasar take hannunsa har abada shi ke da freehold, kuma tun dokar dukiya ta 1925 waɗannan biyu ne kaɗai hanyoyin mallakar ƙasa a Ingila da Wales.

Wanda yake son ganin yadda al'adar ta yi ƙarfi, sai ya duba wani aure da aka ɗaura a 1677. Amaryar, Mary Davies, shekararta 12, ta gaji makiyaya da fadamu a yammacin Landan, angon kuwa Sir Thomas Grosvenor ne. Birni ya yi ta faɗaɗa har ya iso filayen, amma zuriyarsu ba ta sayar ba. Sai su ba magini fili haya na dogon zango, ya yi gini da kuɗin aljihunsa, ya riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Ranar da wa'adi ya cika, fili da ginin da ke kansa su koma hannun masu ƙasa. Da wannan dabara aka gina unguwar Mayfair daga shekarun 1720, aka gina Belgravia bayan shekara ɗari, inda magini Thomas Cubitt ya yi suna. Wani ya sha wahalar gini, jikokin wani su ci gado. Shugaban gidan Grosvenor a yau shi ne Duke na Westminster, ɗaya daga cikin manyan attajiran Birtaniya.

Wa'adin shekara 99 ya ƙetare teku ma. Da shi Birtaniya ta karɓi yankin New Territories na Hong Kong daga hannun Sin a 1898, ya cika a 1997. A Najeriya, inda dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar izinin mallakar fili galibi shekara 99 take ɗauka.

A Birtaniya, talaka ne ya fi jin jiki. Bayan yaƙin duniya na biyu, wa'adin gidajen ma'aikata a kudancin Wales ya fara ƙarewa, tsofaffi suka ga za su rasa gidajen da aka haife su a ciki. Dokar 1967 ta ba irinsu damar sayen ƙasar ko mai ita bai so ba. Gidan Grosvenor ya kai ƙara a kan wannan doka kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ya sha kaye a 1986.

Masu ba da hayar ɗakuna su ma sun gwada tasu dabarar. A da, doka ta kare ɗan haya mai tenancy, wato cikakkiyar haya, daga kora da tsawwala kuɗi, don haka sai su rubuta licence a takarda, wato izinin zama kawai, irin na baƙo a masauki. Wani lauya, Roger Street, ya yi wa Wendy Mountford haka a kan ɗakuna biyu, fam 37 a mako. A 1985 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya suka ce sunan da aka rubuta ba shi ne abin dubawa ba: muddin ita kaɗai ke da ikon ɗakunan, tana kuma biyan kuɗin haya na ƙayyadadden lokaci, 'yar haya ce cikakkiya.

Kuɗin ƙasa ne ya fi tayar da ƙura a baya-bayan nan, bayan wasu kamfanonin gine-gine sun sa sharaɗin ya riƙa ninkawa duk shekara goma, har gidajen suka ƙi sayuwa. Dokar 2022 ta mayar da shi, a sababbin yarjejeniyoyi, zuwa tsohon farashin da lauyoyin Ingila suka daɗe suna rubutawa idan ba a son karɓar komai: ƙwayar masoro ɗaya a shekara, wadda ba wanda ke zuwa karɓa.