Ƙofa Biyu: Tarihin Geraldo Rivera Ɗan Jaridar Talabijin

Yau na ɗan jingine ƙagaggen labari domin in kawo muku tarihin wani ɗan jaridar talabijin na Amurka mai suna Geraldo Rivera. Mu marubuta ƙirƙira ce sana'armu, amma da a ce ni na ƙaga rayuwar mutumin nan a littafi, da kun ce na cika gishiri. Ƙofa biyu ya buɗe a gaban kyamara, shekara 14 tsakaninsu, kuma a kansu zan yi magana.

An haife shi a birnin Niyok a 1943. Lauya ya karanta, yana tsaya wa wata ƙungiyar matasa 'yan asalin Puerto Rico mai suna Young Lords. A 1970 shugaban sashen labarai na tashar WABC, Al Primo, ya ga ana hira da shi, ya ga yaron akwai baki, ya ɗauke shi aiki. Labaran da tashar ke yi na cikin gari ne, wato gobara, haɗarin mota da rikicin unguwa.

Ƙofar farko tana tsibirin Staten, wani yanki na birnin Niyok. A can gwamnatin jiha take da wani gida mai suna Willowbrook, inda ake ajiye yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Makaranta ake ce masa, amma suna ne kawai. Don mutum 4,000 aka gina shi, zuwa 1965 an cusa fiye da 6,000. A shekarar Sanata Robert Kennedy ya ziyarci wurin, ya kira shi ramin macizai. A nan ne kuma wasu likitoci suka riƙa sa wa yara cutar hanta da gangan don bincike. A 1971 wata 'yar jarida, Jane Kurtin, ta rubuta halin da ake ciki a jaridar tsibirin. Duk da haka shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

A watan Janairun 1972 aka kori wani likitan gidan, Michael Wilkins, saboda yana zuga iyaye su haɗa kai su nemi haƙƙin 'ya'yansu. An karɓe aikinsa amma makullin gini na 6 yana hannunsa. Shi ya kira Rivera, suka shiga da mai ɗaukar hoto ba tare da izinin kowa ba. Abin da aka nuna wa mutanen Niyok ba shi da daɗin faɗa: yara tsirara a ƙasa, jikinsu duk kashi, suna ta rangaji suna nishi, ma'aikaci guda na kula da yara wajen 50. Rivera da kansa ya ce hoto zai nuna wurin, amma ba zai kai wa mai kallo warinsa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Bernard Carabello. Tun yana ɗan shekara 3 aka kai shi, ya shafe shekara 18 a ciki, alhali hankalinsa garas yake, larurarsa ta motsin jiki da magana ce kawai. Da ya fita ya zama mai fafutukar kare haƙƙin naƙasassu. Ku duba fa, shekara 18 babu wanda ya zauna ya saurare shi!

Gani ya kori ji. A watan Maris na 1972 iyaye suka maka jihar a kotu. A 1975 aka cimma yarjejeniya cewa za a rage mazauna gidan zuwa 250, a mayar da sauran ƙananan gidaje cikin jama'a. A 1980 majalisar Amurka ta yi dokar kare haƙƙin waɗanda ke tsare a irin waɗannan gidaje, sannan a 1987 aka rufe Willowbrook. Rivera kuwa ya samu lambar yabo ta Peabody, sunansa ya zaga ƙasa.

Daga nan likkafa ta ci gaba. Ya koma shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya na ABC, ya yi aiki a shirin 20/20 har 1985, lokacin da ya fito fili ya soki shugabansa kan hana nuna wani rahoto game da Marilyn Monroe, aka raba gari.

Ƙofa ta biyu tana birnin Shikago. A ƙarƙashin otal ɗin Lexington, tsohuwar matattarar gawurtaccen ɗan ta'addan nan Al Capone, an gano wani ɗaki da aka toshe. Aka yi ta talla cewa za a fasa shi kai tsaye, wataƙila a samu dukiya ko gawarwaki. Ranar 21 ga Afrilu, 1986, mutum wajen miliyan 30 suka zauna kallo na awa 2. An gayyato likitan gawa, har da jami'an haraji. Da aka fasa, me aka tarar? Ƙasa da tsofaffin kwalabe. Sai dai yawan 'yan kallon ya buɗe masa wata kasuwa. A 1987 ya fara shirin tattaunawa mai sunansa, inda a 1988 baƙi suka kaure da dambe, kujera ta karya masa hanci. Daga 2001 zuwa 2023 ya yi aiki da Fox News.

A ganina, mutum ɗaya ne, kyamara ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne wanda ya riga wani tsakanin bincike da talla. A Willowbrook likita ya sadaukar da aikinsa, 'yar jarida ta share fage, iyaye suna shirye su je kotu, kuma akwai bayin Allah a bayan ƙofar da buɗe ta zai amfana. A Shikago kuwa an sayar da kallo tun ba a san abin da ke ciki ba.

Mu ma muna da rufaffun ƙofofi. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Irin wannan gida yana da maƙwabta, yana da ma'aikata, kuma a cikinsu akwai mai makulli. Shi ɗan jarida ya kamata ya nema, mu kuma masu kallo mu riƙa tambaya wa zai amfana idan an buɗe.

Allah ya sa mu dace. Mu haɗu a mako mai zuwa don ci gaban labarinmu.